Tikitin kakar hokin ƙanƙara a Grand Forks: ya biya kuɗinsa, amma kada ka shaƙu da yaran

Na sayi tikitin ɗalibai na kakar hokin ƙanƙara ta 2024 zuwa 2025 a Jami'ar Dakota ta Arewa, na yi amfani da shi tun daga watan Oktoba har Maris. Masu zuwa karatu wannan yanki na Amurka suna yawan tambayata ko abin ya cancanci a kashe masa kuɗi. Amsata ita ce e, ya cancanta, ko da kuwa ba ka taɓa ganin wasan ba. Sai dai abin da kake saya yanzu ba shi ne abin da tsofaffin magoya baya suka saba saya ba, kuma a nan maganar tawa za ta fi tsawo.

Grand Forks ƙaramin gari ne a bakin kogin Red River, kan iyakar jihar da Minnesota, kuma ba shi da wata babbar ƙungiyar ƙwararru. Ƙungiyar jami'ar ita ce komai. Filin wasan, Ralph Engelstad Arena, an buɗe shi a 2001, yana ɗaukar mutum fiye da 11,000, kuma ya ci sama da dala miliyan 100. Wanda ya gina shi tsohon golan ƙungiyar ne da ya yi arziki a Las Vegas. Kujerun fata ne, daɓen dutse ne mai sheƙi, kuma duk inda ka zauna kana ganin ƙanƙarar sosai. Na shiga filayen wasa da dama, ban ga na wata makaranta da ya kama ƙafar wannan ba.

Tsarin kakar yana da daɗin sha'ani ga ɗalibi. Baƙi sukan zo su buga wasa biyu a jere, daren Juma'a da daren Asabar, da ƙungiya ɗaya. Duk wanda ya sha kashi ranar Juma'a yana da damar ramawa kashegari, kuma duk ƙullin da aka yi a wasan farko sai ya fito a na biyu. Saboda haka na fi son wasan Asabar. A tsakiyar hunturu rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, don haka mutum ya yi magaribarsa a natse kafin ya fita. Ana sayar da giya a ciki, kuma abincin da ya halatta gare mu bai taka kara ya karya ba, gara ka cika cikinka a gida. Sanyin da ke tsakanin mota da ƙofar fili kuwa ba na wasa ba ne, a Janairu yakan kai 30 ƙasa da sifili. Cikin filin kansa riga mai kauri guda ta isa.

Ga wanda bai san wasan ba: kowane ɓangare mutum shida ne har da gola, zango uku ne na minti 20, kuma abin da ake bugawa da sanda wani baƙin faifan roba ne mai nauyin kusan giram 170 da ake daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. A talabijin ido yana wahalar bin faifan nan, kamara kuma shi kaɗai take bi. A fili ne za ka ga abin da kamara ke ɓoyewa. 'Yan wasa ba sa wuce kamar daƙiƙa 45 a kan ƙanƙara sai su koma benci, wasu su tsallako katanga su maye gurbinsu ba tare da an tsayar da wasa ba. Koci mai wayo a nan yake cin abokin karawarsa: ya jira ya ga waɗanda suka gaji sun maƙale a gidansu, ya sako musu sababbin jini. A zango na biyu benci yana nisa da ragar da ƙungiya ke tsarewa, shi ya sa ake yawan cin ƙwallo a lokacin. Ban fahimci wannan ba sai da na zauna sama na ga filin gaba ɗaya. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayen tikiti maimakon kallo a waya.

Mai laifi ana kai shi wani ɗan keji ya zauna minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da mutum huɗu a gaban biyar. Dambe, wanda ake yi a gasar ƙwararru ta NHL a ba mutum minti biyar ya dawo, a jami'a kora ce daga wasa har da dakatarwa a wasa na gaba. Kowa kuma dole ya rufe fuskarsa duka da ragar ƙarfe ko gilashi. Wasu suna cewa hakan ya rage armashi. Ni ban ga abin da ya ragu ba, ana bangazar juna da katanga har gilashi ya girgiza.

Akwai abin da zai ba baƙo mamaki. Sunan ƙungiyar a hukumance Fighting Hawks ne tun 2015, amma rabin rigunan da ke cikin fili suna ɗauke da tsohon suna, Fighting Sioux, wanda aka ajiye a 2012 bayan doguwar taƙaddama da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA kan amfani da sunayen ƙabilun asalin ƙasar. Daga cikin al'ummomin Sioux biyu da aka nemi yardarsu, Spirit Lake ta amince, Standing Rock ba ta ba da amincewa ba. Har yau idan aka zo ƙarshen taken ƙasa sai ka ji dubban mutane sun ɗaga murya da tsohon sunan. Ni baƙo ne, na yi shiru nawa, amma a ganina idan masu suna ba su haɗu a kan ba ka shi ba, barinsa ya fi.

Kakar da na kalla ba ta yi wa mutanen garin daɗi ba. Ƙungiya mai kofin ƙasa 8, na ƙarshe a 2016, ta kasa shiga cikin 16 da ake ɗauka gasar ƙasa. A Maris 2025 aka sallami koci Brad Berry, wanda shi ne ya ci musu kofin 2016 a shekararsa ta farko, aka ba mataimakinsa Dane Jackson. Amma ko a kakar da ba ta yi kyau ba, wasan da kake gani mai inganci ne, saboda gasar da suke ciki, NCHC, ita ce mafi zafi a ƙasar. Daga 2016 zuwa 2025 an buga gasar ƙasa sau 9, an soke ta 2020 saboda korona, kuma ƙungiyoyin NCHC sun ɗauki 7: Dakota ta Arewa ɗaya, Denver uku, Minnesota Duluth biyu, Western Michigan ɗaya. Babu daren da za ka je ka ce yau bulus ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ɗan wasan da na fi jin daɗin kallo a kakar shi ne Sacha Boisvert, ɗan Kanada, ɗan aji ɗaya, wanda Chicago ta ɗauka a zagayen farko na zaɓen NHL a 2024, inda ƙungiyoyin ƙwararru ke zaɓar matasan 'yan wasa bi da bi. Shi aka ba kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa na NCHC. Kaka na ƙarewa ya tattara ya koma Jami'ar Boston. Ban ga laifinsa ba, kocin da ya kawo shi ya tafi, doka kuma ta ba shi dama. Tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya makaranta ya fara wasa nan take ba tare da zaman shekara guda ba, ya sa sunansa a rajistar masu neman sauya sheƙa, koci-koci su fara buga masa waya. Mu ma mun ci moriyar hakan, domin golanmu na kakar, T.J. Semptimphelter, daga Arizona State ya zo. Dattawan da ke zaune kusa da sashenmu suna ba da labarin T.J. Oshie da ya yi shekara uku a nan, da Jonathan Toews da Zach Parise da suka yi bibbiyu, suna cewa ko a lokacin ana kukan taurari ba sa daɗewa. Yanzu ba taurari kaɗai ke tafiya ba, har na tsaka-tsaki, waɗanda a da su ne ke zama shekara huɗu su zama ƙashin bayan ƙungiya. Duk wanda zai sayi riga, ya sayi wadda ba a rubuta sunan kowa a bayanta ba.

Zawarcin 'yan wasa a hoki ya bambanta da na sauran wasannin jami'a. Yaro ba ya fita sakandare ya shigo kai tsaye sai in gwani ne na gaske. Yawanci yakan yi shekara ɗaya ko biyu, wani ma uku, a gasar matasa irin USHL ta Amurka ko BCHL ta yammacin Kanada, ya shigo aji ɗaya yana da shekara 20 ko 21. Don haka a kan ƙanƙara ɗaya za ka ga ɗan shekara 18 yana karawa da mai 24 da gemunsa. Alƙawarin da yaro ke yi wa makaranta tun yana sakandare kuwa na baki ne, kamar baiko: an sa rana amma ba a ɗaura ba, kowane ɓangare na iya fasawa. Makarantu sukan tara alƙawura fiye da guraben da suke da su, su ce wa wani ya ƙara shekara a gasar matasa, daga nan maganar ta bi ruwa. A 2019 NCAA ta hana yi wa yaro tayi kafin 1 ga Agustan da zai shiga aji na biyun ƙarshe a sakandare, domin a da har 'yan shekara 14 ake kamawa. Wannan gyara ne mai kyau.

Babban sauyin shi ne na Nuwamban 2024, lokacin da NCAA ta buɗe ƙofa ga 'yan babbar gasar matasan Kanada, CHL, daga 1 ga Agusta 2025. Shekaru da dama ana ɗaukarsu a matsayin ƙwararru saboda ɗan alawus da ake ba su da kuma wasu cikinsu da suka riga suka sa hannu da NHL. Yaro ɗan shekara 16 sai ya zaɓi hanya ɗaya, in ya taka CHL ya rufe wa kansa jami'ar Amurka ke nan. Yanzu an rushe katangar. Gavin McKenna, wanda ake ganin ya fi kowa a sa'o'insa, ya bar ƙungiyar Medicine Hat ta CHL ya zaɓi jami'ar Penn State a Yulin 2025. Mu kuma mun samu Cole Reschny da Keaton Verhoeff daga ƙungiyar Victoria ta CHL. Haɗa wannan da damar da ɗan wasa ke da ita tun 2021 ta karɓar kuɗin talla da sunansa, sai ka ga makaranta mai kuɗi ita ke da bakin magana. Wanda nake tausaya wa shi ne yaron da ya ƙi CHL da gangan, ya yi shekaru a USHL yana jiran gurbinsa, sai ga wani ya zo daga Kanada ya zauna a kai.

Duk da haka ba na cikin masu murna tun a watan Yuli don an kamo manyan suna. Tarihin kwanan nan bai goyi bayansu ba. A zaɓen NHL na 2021, huɗu daga cikin biyar na farko 'yan Jami'ar Michigan ne ko masu shirin shigarta: Owen Power, Matty Beniers, Luke Hughes da Kent Johnson. Denver ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe a 2022. Minnesota ta 2023 tana da Logan Cooley da Matthew Knies da Brock Faber, amma Quinnipiac, ƙaramar makaranta a Connecticut mai tarin 'yan wasan da suka fi shekaru, ta ci su daƙiƙa 10 da fara ƙarin lokaci ta ɗauke kofin. Macklin Celebrini ya ci kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2024 yana da shekara 17, San Jose ta ɗauke shi a lamba ɗaya, amma Jami'ar Boston ba ta kai wasan ƙarshe ba. Sai Western Michigan a 2025, wadda ɗan wasanta mafi suna, Alex Bump, sai a zagaye na biyar aka zaɓe shi, ta lallasa Jami'ar Boston da ci 6 da 2 ta ɗauki kofinta na farko. Gasar ƙasa wasa ɗaya ne ɗaya, ka faɗi ka tafi gida, kuma a irin wannan dare gola mai natsuwa da 'yan baya masu shekara 23 sun fi amfani a kan yaron da hankalinsa ya riga ya tafi kwantiragin da zai sa wa hannu mako mai zuwa. Abin da nake so in gani daga Jackson shi ne yawan waɗanda zai iya riƙewa har aji uku da huɗu, ba yawan taurarin da zai jera ba.

Abu ɗaya da tikitin ba zai ba ka kowace shekara ba shi ne karawa da Minnesota, babbar abokiyar hamayya. Tun 2013 da Big Ten, rukunin manyan jami'o'in da Minnesota ke ciki, ta kafa gasarta ta hoki aka raba su, yanzu sai an shirya wasan musamman, wata shekara a nan, wata a can, wata ma babu. Kafin ka biya, duba jadawali. Idan Minnesota ko Denver za su zo Grand Forks, tikitin kaka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin na wasa ɗaya a irin waɗannan darare tsada yake yi kuma da wuri yake ƙarewa. Idan kuma karatu ba zai bar ka zuwa ko rabin wasannin ba, sayi na ɗai-ɗai, ka zaɓi daren Asabar. Ni dai na sabunta nawa na kakar 2025 zuwa 2026, saboda ina so in ga yadda 'yan shekara 17 da 18 daga Victoria za su yi da ƙartin Denver da Duluth a watan Janairu.