Na kai Golf ɗina an yi mata rimaf a Abuja, ga yadda muka kwashe

Tun watan Disamba mutane suke damuna da tambaya, wai ya motar take bayan aikin, shin da gaske ta ƙara gudu, shin bata shan mai, to yau dai na samu zama bari in faɗa muku komai, daɗin da ɗacin. Na ƙi rubutawa da wuri ne da gangan sbd da a satin farko na yi wannan bayanin wlh yabo zalla zaku karanta, kuma da na kai wasunku na baro.

Motar dai Golf 7 GTI ce ta 2015, 'yar Amurka, injin 2.0 mai turbo, giyarta DSG, wato otomatik, mai hawa 6. Daga kamfani doki 210 take bayarwa da ƙarfin juyi 350 Nm, kuma gsky ko a haka ba ƙaramar mota bace, a Kaduna ba kowa ke shan gabana ba. Amma kun san halin ɗan Adam, na yi ta kallon bidiyon Turawa suna cewa wannan injin kamfani ya daƙile shi ne, da kwamfuta kawai za a fito da dokin da aka ɗaure ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, har abin ya shiga raina ya hanani sakat.

Ga wanda bai san rimaf ba, birenbos ɗin mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, akwai lissafi a cikinsa, shi yake faɗa wa turbo yawan iskar da zai tura, ya faɗa wa injekta yawan man da zata fesa, ya faɗa wa fulogi lokacin da zai bada wuta. Kamfani yana barin lissafin da sassauci don motar ta rayu a ko wace ƙasa da ko wane irin mai da ko wane irin direba. Mai rimaf shi kuma sai ya sake lissafin ya cinye wancan sassaucin. Wanda ake kira siteji 1 shine wanda ba a canza komai a jikin inji sai lissafin kaɗai, shi na yi. Akwai manyan kamfanoni da suka yi suna a wannan harka irin su APR na Amurka da Revo na Ingila da Unitronic na Kanada, amma nawa ba nasu bane, wani matashi ne a wajen Apo yake sayen fayil, wato sabon lissafin, daga waje ya ɗora. Ba zan kama sunan garejin ba, dalili zai zo a gaba.

Abin da ya fara burge ni da shi, ranar farko ƙin taɓa birenbos ɗin ya yi. Ya jona sikana, ya buɗe bonet ya haska tocila ƙarƙashin inda iska ke shiga inji ya ce yallaɓai zo ka gani. Wani busasshen ruwa ne ja-ja ya daskare a jikin robar famfon ruwa, ashe tana ɗiga ban sani ba, kuma wannan ciwon sananne ne a injinan nan. Ya ce in na ƙara mata wuta a haka kafin ka kai Jere ta yi obahitin ka dawo kana zagina. Dole na bar motar na hau ta haya na koma Kaduna ina ƙunƙuni. Wani da karɓe kuɗinsa zai yi ya sallame ni, don haka a nan kam na jinjina masa.

Bayan sati na dawo. Aikin kansa ba wani abin kallo bane, ya jona caja a batir sbd in wuta ta yi ƙasa ana cikin rubutu birenbos na iya mutuwa, ya soka waya a ramin nan na ƙasan sitiyari, ya fara ajiye fayil na asali ya turo min kwafi a waya. Da ya danna sai fankar lagireto ta tashi da ƙarfi kamar jirgi zai tashi, duk wata fitila da ke dashbod ta kama, ja da ɗorawa, ni dai gabana sai faɗuwa yake ina kallon wani koren layi yana rarrafe a laftof, shi kuwa ko a jikinsa yana cin gyaɗa yana hira da yaronsa. Minti ashirin da wani abu aka gama. Ya ce yanzu tana wajen doki 290. Ku lura, shi ya faɗa, ba injin gwaji a garejin da za a ɗora mota a auna, saboda haka wannan lamba ta bakinsa ce kawai kuma wannan na daga cikin abin da na rage masa maki a kai.

Amma jiki ya ji. Wallahi da muka hau titi na taka totur a giya ta 3 sai da bayana ya manne da kujera, tayoyin gaba suna neman ƙwacewa fitilar santsi tana ƙiftawa. Ba wai ƙarshen gudunta ne ya canza ba, ni ban ma taɓa kai ta ƙarshe ba kuma bana fata, inda abin yake shine tsakiya, daga 80 zuwa 120, wato daidai inda kake buƙata in zaka wuce tirela. Da sai ka yi lissafi ka jira hanya ta buɗe sosai, yanzu kafin ka gama tunani ka wuce. Lokacin kuma sanyin hunturu ne, turbo na son iska mai sanyi, wata uku ina cin duniyata da tsinke. Uwargida ce kawai ta ce ita ba zata ƙara shiga ba sai na mayar da motar hankalinta.

Sai ga watan Afrilu. Rana tsaka ina hanyar Zariya, zafi ya kai 40, esi a kunne, na sha mai a wani ƙaramin gidan mai a hanya. Na fito zan wuce wata tirelar siminti na taka, sai motar ta yi wata irin shaƙuwa, kaf kaf kaf, fitilar EPC mai nuna matsalar inji ta kawo, ƙarfi ya ɗauke gaba ɗaya ina gefen tirela ga wata Sharon ta taho tana min fitila. Allah ne ya kiyaye na taka birki na koma bayan tirelar, na gangara gefe na fi minti goma hannuna na rawa. Da na kashe na sake tayarwa fitilar ta ɗauke amma daɗin nan ya tafi, motar ta koma nauyi.

Na kira shi raina a ɓace. Bai yi gardama ba ya ce in kawo. Wannan karon ya yi abin da ya kamata ya yi tun farko, ya zauna a kujerar gefe da laftof a cinya na ja motar yana naɗar bayanan inji. Sai ga shi ƙarara, silinda ta 3 tana fashin wuta, kuma birenbos yana ta ja da lokacin wuta baya a duk silindodin sbd yana jin ƙwanƙwasa a inji. Na ce injiniya wai fayil ɗin nan na wane mai ne? Ya ɗan sosa ƙeya ya ce na 98 ne.

To a nan gizo ke saƙar, kuma duk wanda zai yi rimaf a ƙasar nan wannan ne abin da zai riƙe. A Turai mai kala-kala ne a famfo, akwai 95 akwai 98, lambar tana nuna yadda man ke jure matsi da zafi kafin ya kama da kansa. Mu a Najeriya fetur ɗaya ne tal, ma'auninsa 91, wannan ma in ba a yi masa haɗi ba, kowa ya tuna man nan mai methanol da aka shigo da shi a farkon 2022 ya kashe wa mutane motoci. Kar kuma lambar Amurka ta ruɗe ku, lissafinsu daban ne, 93 ɗinsu shine kusan 98 na Turai, namu kuwa yana daidai da kusan 87 ɗinsu. Ka ɗauki lissafin da aka yi wa mai 98 a ƙasa mai sanyi ka ɗora wa motar da ke shan 91 a zafin Afrilu, man zai dinga fashewa kafin lokacinsa yana dukan fistin. A hunturu sanyi ne ya rufa min asiri. Da na ci gaba da takawa a haka fistin zai iya tsagewa, kuma ku je Panteka ku tambayi kuɗin injin GTI ku ji.

Wannan laifinsa ne, ba ɓoye-ɓoye, mutum yana zaune a Abuja ya san man da muke sha. Abin da yasa ban kama sunansa ba shine ya amsa laifin kuma ya gyara bai karɓi ko kwabo na aiki ba. Ya sa aka sake masa fayil na mai mara ƙarfi, ya rage matsin turbo kaɗan, muka canza fulogi huɗu zuwa masu jure zafi aka matse bakinsu, da koyil ɗaya, waɗannan kam ni na biya. Muka sake fita da rana tsaka ba da yamma ba, sau uku yana naɗa yana dubawa kafin ya ce to yanzu ta zauna. Ƙarfin ya ragu ba kamar na Disamba ba, amma har yanzu ta fi yadda ta zo daga kamfani nesa ba kusa ba, kuma daga lokacin EPC bata sake leƙowa ba.

Maganar shan mai kuwa, masu cewa rimaf na rage shan mai, eh in zaka tafi a 100 ka ɗora ƙafa a hankali zaka ga kusan ɗaya ne da da, ko ma ta ɗan rage. Amma waye zai biya kuɗin rimaf ya tafi a hankali? Ni dai a cikin gari ta ƙara sha, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda ful tanki ke yi wa aljihu. Ga ƙananan kashe-kashe da ba a faɗa maka, tayoyin gaba sun cinye da wuri, bakin mai yanzu ina juyewa tun kafin lokacinsa kuma sai mai kyau, man giyar DSG da ake canzawa duk kilomita 60,000 na canza shi tun bai kai ba. Mai GTI ta giyar hannu ma ya shirya kuɗin kuloci don nasu yana fara zamewa bayan rimaf. 'Yan bumburutu kuwa mun raba gari, ko zan kwana a layi.

Maki na: karɓar baƙo da gaskiya wajen duba mota 9 cikin 10, aikin farko 4, yadda ya ɗauki ƙorafi 9. In zaka je wajensa ko wajen waninsa, kafin ya jona waya ka tambaye shi fayil ɗin na mai nawa ne, ka ce sai an fita gwaji da laftof da rana, ka kuma karɓi fayil ɗinka na asali. Nawa yana nan a waya da kuma imel, ranar da zan sayar da motar shi zan sa a mayar mata.