Suwaitar dala 45 daga teburin makaɗan hardcore: yadda na same ta bayan hunturu

Suwaitar ta ci kuɗinta, amma da ƙyar, kuma ba kowa zan ba shawarar ya saye ta ba. A wani ƙaramin zaure na birnin Baltimore na saye ta farkon hunturun da ya wuce, a kan teburin da makaɗa ke baje kayansu idan sun sauko daga dandamali. Ƙungiyar ta yara huɗu ce, babbansu bai wuce shekara 25 ba, kuma makaɗin gangarsu ne da kansa ya miƙo mini ita ya karɓi dala 45. Ba zan kama sunansu ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma yaran ba su yi ƙwarin da za a jefe su da suna ba.

Ga wanda bai san harkar ba, hardcore reshe ne na kiɗan punk da ya tsiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, musamman a Washinton da kudancin Kalifoniya. Jita da ganga ne a guje, waƙa ba ta cika wuce minti biyu ba, mawaƙi na ihu iya ƙarfin maƙogwaronsa, 'yan kallo kuma na hawa dandamali suna faɗawa kan jama'a. Ni ba kiɗan ne ya fara jawo ni ba. Lokacin da na zo ƙasar nan karatu, duk inda abokan ajinmu za su fita sai ka tarar giya ce a gaba, sai a irin waɗannan wasanni na fara ganin samarin Turawa da ke alfahari da cewa ba sa sha, ba sa busa komai, har suna zana alamar X da baƙar tawada a bayan hannu. Ana kiran wannan tafiya straight edge, daga wata waƙar ƙungiyar Minor Threat ta 1981 wadda ba ta kai minti ɗaya ba. A wurin Bahaushe Musulmi da ke neman inda zai tsaya da kwalbar ruwa ba wanda zai tambaye shi dalili, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Suwaitar mai hula ce, mai aljihu ɗaya a gaba. Yadin auduga ne haɗe da roba, audugar ta fi yawa, yana da nauyi a hannu, cikinsa kuma da laushi. Hular ninki biyu ce, tana tsayawa a ka ba ta lanƙwashewa ta rufe ido. A sanyin watan Janairu na sa ta ƙarƙashin kwat ban ji iska ta ratsa ni ba, ranakun da sanyin ya sassauta kuwa ita kaɗai ta wadatar. Ɗinkin kafaɗa da na hammata ya sha ja a tsakiyar turereniya, inda wanda zai faɗi ke cafke duk abin da hannunsa ya samu, bai ɓarke ba. A wannan fannin ba ni da ta cewa.

Zanen ne ke da labari. Da hannu aka buga shi, irin bugun da ake ɗaure raga mai laushi a jikin katako a ja tawada a kai da roba, kowane launi da tasa ragar. Ana gane hakan domin shuɗin ya ɗan zame daga kan farin a kusurwa ɗaya, abin da injin kamfani ba zai bari ya wuce ba. Wannan bai dame ni ba, ya ma burge ni. Abin da ya dame ni shi ne zanen baya ya fara tsagewa tun wanki na farko-farko. Irin wannan tawada sai an gasa ta da zafin da ya kai wajen digiri 160 a ma'aunin Celsius kafin ta kama yadi da kyau, kuma wanda ya buga ta ga alama ya yi gaggawa, ko kuma na'urar gasawarsa ba ta kai ba. Zanen ƙirji lafiya lau yake har yau, na baya kuwa ya zama kamar an yi shekara biyar ana sa shi. Dala 45 ba kuɗin da mutum zai yi shiru a kan wannan ba ne.

Launinta ruwan hoda ne mai haske, da furanni shuɗɗa, da sunan ƙungiyar cikin manyan haruffa masu kumburi. Wannan launin ne ya jawo mini magana. A wani wasa a Washinton wani dattijo Bature mai furfura a gemu, sanye da baƙar riga da ta koɗe ta koma ruwan toka, ya dube ni sama da ƙasa ya ce a zamaninsu wanda ya shigo da irin wannan ba zai kai ƙarshen wasa da ita a jikinsa ba. Da wasa ya faɗa, amma irin wasan da ke da gaskiyar mai shi a ciki. Ɗan yayata da muka je tare ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kawu, ƙyale shi, irinsu kullum sai sun ce an ɓata musu abu."

Na ƙyale shi a wurin, amma a nan ba zan ƙyale shi ba, domin tarihin da yake taƙama da shi ba ya goyon bayansa. Shigar punk ta farko, mai yagaggen wando da fil da sarƙa, a Landan daga kanti ta fito: Vivienne Westwood da Malcolm McLaren suna sayar da ita a shagonsu na titin King's Road tun tsakiyar shekarun 1970, kuma ba da araha ba. Yaran hardcore na Amurka sun zo ne suka yi watsi da wannan ado. Suka aske kai, suka sa riga da wandon da suke zuwa makaranta da su. Henry Rollins na Black Flag ya kai har yana hawa dandamali da baƙin gajeren wando kaɗai. Kafin shekarun 1980 su ƙare, yaran Niyok da Connecticut, irin su Youth of Today, suka shigo da suwaitar Champion mai hula da dogayen takalman Nike da rigar 'yan wasan makaranta, suka yi kama da 'yan ƙwallo. Ita kanta suwaita mai hula da dattijon nan ke ganin ta halatta matuƙar baƙa ce, wasu ne suka shigo da ita bayan an riga an kafa harkar. Shekarun 1990 suka zo da burgujejen wando da rigar ƙwallon kwando. Farkon shekarun 2000 kuma matsattsen wando da rinannen gashi, har aka laƙaba wa ƙungiyoyi irin su Eighteen Visions sunan 'yan gayu. Kowane rukuni sai da na gabansa ya kira shi jabu. Laifi tudu ne.

Kuma akwai abin da masu cewa "da can" ke yawan tsallakewa. Bad Brains, ƙungiyar da kusan kowa a Washinton ya koyi gudun kiɗan nan daga gare ta, baƙaƙen fata ne su huɗu, waɗanda suka fara da kiɗan jazz suka kuma rungumi Rasta. Idan akwai shigar asali, to ta wa za a ɗauka, ta su ko ta yaran unguwannin masu hali da suka biyo baya?

Inda na fi ganin nauyin maganar asali shi ne wurin kuɗi, ba wurin launi ba. Ian MacKaye, mawaƙin Minor Threat, wanda ya kafa kamfanin faifai na Dischord tare da Jeff Nelson a 1980, daga baya ya kafa Fugazi, ƙungiyar da ta yi suna da riƙe kuɗin shiga a wajen dala 5 da kuma ƙin sayar da riga kwata-kwata. Hakan bai hana 'yan kasuwa buga rigar da ke cewa ita ba rigar Fugazi ba ce suna sayarwa ba. A 2005 kamfanin Nike ya kwaikwayi bangon faifan Minor Threat a wata talla, aka yi ca, ya janye ya ba da haƙuri. Shekara takwas bayan haka, a 2013, sai ga rigar Minor Threat a kantunan Urban Outfitters a kan dala 28, kuma da izini, domin MacKaye ya gaji da bin masu buga ta a ɓoye ya miƙa harkar ga wani kamfani. Zauren kiɗa na CBGB a Niyok, inda ake wasannin hardcore na ranar Lahadi da rana, an rufe shi a 2006, bayan shekara biyu wurin ya zama kantin tufafin John Varvatos. Duk wannan ya faru kafin yaran da suka sayar mini da suwaita su iya riƙe jita. Ba su ne suka kai harkar kasuwa ba, a kasuwa suka tarar da ita.

Su nasu lissafin a fili yake. Sauraro ɗaya a manhajojin waƙa ba ya kawo musu ko santi ɗaya. Kuɗin ƙofa a ƙaramin zaure, idan an raba wa ƙungiyoyi huɗu ko biyar, ba ya wuce na mai. Riga ce ke kai motarsu gari na gaba, kuma a manyan zauruka masu wurin kan yanki kasonsu daga cinikin riga, wani lokaci har kashi 20 cikin 100 ko fiye. Da na tuna wannan sai zafin dala 45 ɗin ya ragu, ko da yake bai gyara zanen baya ba.

Na gwada ta da wata riga da na gani a wani shagon tsofaffin kaya a Washinton, don in san inda farashi ya dosa. Rigar wata ƙungiya ce ta ƙarshen shekarun 1980, wuyanta ya saki, da huji biyu a ƙasa, an rataye ta cikin leda a bayan kanta, an sa mata kuɗin da ya ninka na suwaitata sau da yawa. Da a Ƙofar Wambai aka kwance dilar da take ciki, cikin tarin da ake zubarwa ƙasa za ta faɗa. Mai shagon ya yi ta nuna mini ɗinkin bakin hannunta mai layi ɗaya, wanda shi ne shaidar tsufanta. Na yarda tsohuwa ce. Amma ko sisi daga kuɗinta ba zai je hannun wanda ya kaɗa jita ba, kuma wanda zai saye ta ba zai taɓa shiga turereniya da ita ba, tsoron kada ta yage.

Ba wai dattijon ba shi da gaskiya ko kaɗan ba ne. Tun bayan kullen korona harkar ta cika da sababbin fuskoki. Turnstile, 'yan nan Baltimore, sun fitar da faifan da ya kai su takarar Grammy a 2023, a shekarar kuma Knocked Loose suka hau dandamalin babban bikin kiɗa na Coachella, bidiyon wasansu ya zagaya wayoyi. Da yawan jama'a sai wata ɗabi'a ta shigo wadda ni ma ba na so. Za ka ga layin teburin riga ya fi taron da ke gaban ƙungiyar farko tsawo, yaran na kiɗa ana juya musu baya. Wasu na sayen riga uku huɗu, kafin gari ya waye sun sa su a intanet da ninkin kuɗi. Wasu ƙungiyoyin ma sun koyi buga riga kaɗan da gangan don a yi rububi. Wannan ya fi launin ruwan hoda cancantar ɓacin rai nesa ba kusa ba, amma ban ji dattijon ya ambace shi ba.

A ɗaya gefen, zauren da na saya suwaitar nan ya fi duk wanda na shiga shekarun baya yawan mata da baƙaƙen fata da 'yan Latin, kuma wanda ya faɗi ana ɗaga shi kamar yadda aka saba. A watan Mayun 2025 Turnstile ɗin da ake cewa sun sayar da kai sun yi wasa kyauta a filin Wyman Park Dell na Baltimore, aka tara gudummawa don kula da lafiyar marasa matsuguni na birnin. Da wuya in kira wannan lalacewa.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Igiyar hular siririya ce, ba ta da ƙarfe a baki, ta shige cikin rami sai da na zaro ta da fil. Launin mai haske ne, don haka duk tafin takalmin da ya sauka a bayanka daga dandamali sai ya bar shaida, kuma wani tabon baya fita. Na sa ta a injin busar da kaya sau ɗaya ta ɗan tsuke a tsawo, hannun bai taɓu ba, tun daga nan shanya ta nake yi.

Wanda ke son suwaitar da zanenta zai zauna tsaf shekara da shekaru, ya nemi ta ƙungiyar da ke ba babbar maɗaba'a aiki, zai same ta a kusan wannan farashi. Wanda kuma zai saya a tebur irin wannan, ya ja zanen kaɗan da yatsu biyu kafin ya biya: idan tawadar ta nuna alamar tsagewa, ba ta gasu ba, ya ce a canza masa wata. Ya ɗauki wadda ta fi girmansa da mataki ɗaya, ya juya cikinta waje kafin wanki, ruwan sanyi kawai. Kuma ya riƙe tsabar kuɗi, domin na'urar katin yaran nan ba kullum take samun sabis a zauren da ke ƙarƙashin ƙasa ba.