Ƙuri'ar da ta ɓace a gidan waya: a nemi sabuwa ko a tafi rumfa?

Hajiya, kin ce yau kwana 9 da kika aika ƙuri'arki ta gidan waya a nan Amurka, har yanzu shafin hukumar zaɓe bai nuna ta iso ba. Kina tambaya ko ki nemi sabuwar takarda, ko ki jira ranar zaɓe ki je rumfa. Ni dai in da sauran kwanaki, sabuwar zan nema.

Ki kira ofishin zaɓe na gundumarki, su soke ta farko a kwamfuta, su ba ki wata. Kada ki ji tsoron a ce kin yi zaɓe sau biyu. Kowane ambulan yana ɗauke da lambar mai shi, ɗaya tak ake ƙirgawa. An ga amfanin haka ranar 28 ga Oktoba 2024, da aka cinna wa akwatunan da ake girkewa a waje don jefa ambulan ɗin ƙuri'a wuta a Portland ta jihar Oregon da Vancouver ta jihar Washington. A Portland uku kacal suka lalace, don na'urar kashe wutar akwatin ta yi aiki. A Vancouver ɗaruruwa suka ƙone. Ma'aikata suka baje ambulan ɗin da suka babbake suna karanto sunaye, suna aika wa masu su sababbi. Wanda sunansa ya zama toka kuwa, sai in shi ya bibiya da kansa.

Matsalar wannan hanya lokaci ne. A Washington hatimin gidan waya na ranar zaɓe ya wadatar, amma a Arizona dole ambulan ya isa hannun hukuma kafin ƙarfe 7 na yamma a ranar. Saboda haka ki karɓo da hannunki, ki mayar da hannunki.

A rumfa kuwa, tunda rajista ta nuna an aiko miki takarda, galibi ƙuri'ar wucin gadi za su ba ki, wadda dokar tarayya ta 2002 ta tanada. Ba ta shiga na'ura nan take. A ambulan daban ake ajiye ta, sai bayan zaɓe a duba. In ta farko ba ta iso ba, a ƙirga wannan. Wasu jihohin ma sukan watsar da ita in aka jefa a rumfar da ba ta mutum ba. Ga layi kuma. In dole ta sa kika bi nan, kada ki fito sai sun ba ki takardar da za ki bibiyi ƙuri'ar da ita.