Fentin akirilik ɗin da na yi oda, bayan wata uku ina fama da shi bisa dogarina na roba

Duk wanda ya shigo ɗakina ya hango dogarin nan bisa kanta sai ya tambaya ina na saye shi, wani abokina ma har rantsuwa ya yi wai daga waje aka kawo mani. To ba saye na yi ba, da hannuna na yi shi a tsakar gidanmu nan Katsina, kuma tunda tambaya ta yi yawa kan fentin da na sa bari in faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi, don kar wani ya zuba kuɗɗinshi bai san mi zai iske ba.

Ga wanda bai san harkar ba, 'yan mutanen roba ne masu gaɓoɓi, hannu na lanƙwasuwa, gwiwa na lanƙwasuwa, kai na juyawa, mu dai figa muke ce masu. Hajiyarmu ita ba ruwanta da wani figa, 'yar tsana take cewa, kullum ta gan ni duƙe sai ta ce ƙato da kai da gemu kana wasan 'yar tsana. Abin dariyar shi ne wannan gorin ne ma asalin sunan, don lokacin da kamfanin Hasbro na Amurka ya fito da sojan nan G.I. Joe a 1964 sun san yara maza ba za su yarda a ce suna wasa da 'yar tsana ba, shi ya sa suka laƙa mashi wani suna daban, wanda daga shi muka samo figa. Na ba Hajiya wannan tarihin, ta ce to su ma sun san abin kunya ne ke nan. Ban sake ɗaukko zancen ba.

Nawa a gwanjo na tsince shi, cikin tulin kayan wasan yara da ake zubewa ƙasa, mai tsawon inci 6 ne irin girman figa ɗin nan da ake kira Marvel Legends, amma ba orijina ba ne, fentin fuskarshi ma ido ɗaya na kallon Jibiya ɗaya na kallon Daura. Abin da ya ja ni gare shi tsayuwarshi, ƙirji a buɗe, kafaɗa mai faɗi, ina ganinshi na tuna dogaran da ke gaban Sarki ranar hawan sallah a Ƙofar Soro da jan rawani da riga ja da kore. Nan take na ce wannan dogari zan maida shi.

Kuskurena na farko shi ne ya sa na sayi fentin da nike magana a kai. Ragowar fentin mai da aka shafa ma ƙofar gidanmu na ɗiba na laɓta ma wani ƙaramin figa don gwaji. Wallahi sati uku bai bushe ba. Jikin ya bushe, amma kai da hannuwa suka tsaya suna danƙo kamar an shafa masu zuma, ga shi lokacin hunturu ya fara, duk ƙurar garin nan sai da ta manne mashi, ya koma kamar ƙuli-ƙulin da ya faɗi cikin yashi. Daga baya na gane dalili. Roba iri biyu ce a jikinsu, gangar jikin mai tauri ce, ABS, kai da hannuwa kuma mai laushi ce, PVC, ita mai laushin akwai wani sinadari cikinta da ke sa ta lanƙwasuwa, shi ne ba su shiri da fentin mai ko kaɗan, ko shekara za ka jira haka zai yi ta danƙo. Wanda ake haɗawa da ruwa ake so, wato akirilik.

Masu wannan sana'a a waje fentin su Vallejo na Sifen da Citadel na Ingila da Tamiya na Japan suke amfani da su, na duba farashi na lissafa da canjin dala na rufe wayata. Sai na samu wani mai sayar da kayan zane a intanet yana da wani saiti mara suna sosai, kala 12 cikin 'yan kwalabe masu bakin ɗigo kamar maganin ido, da burushi uku, da ƙaramar kwalbar farin share fage da ake fara shafawa kafin kala, firaima, da banish da ake bin fentin da shi a ƙarshe. Kuɗɗin har da na mota ya kai in cika tankin mashin ɗina sau biyu. Kwana biyar kayan suka iso tasha na je na amsa, kwali a lotse amma ba abin da ya zube.

In fara da abin da ya burge ni. Ja da kore da baƙi, waɗannan ukun ba ni da abin cewa a kansu, kuma su ne dama nike buƙata. Jan ya fito irin jan rigar dogarai sak, ba ya yin ruwan hoda in ya bushe, shafa biyu ya rufe. Ba wari, ina aiki cikin ɗaki maiɗakina na gefe tana yankan alayyahu ba ta ce uffan ba, alhali ranar fentin ƙofa korata ta yi waje da ni da figa ɗin gaba ɗaya. Kuma in ka ɓata wuri kafin ya bushe auduga da ruwa kawai sun isa.

Firaimar ita ce ta fi komai amfani cikin kwalin duk da ita ce ƙarama. Na gwada ƙafa ɗaya da ita ɗaya babu, washegari na sa farce na karta, wadda babu fentin ya salɓe kamar ɓawon dafaffen dankali, ɗayar ko gezau. Amma kafin ita ma sai ka wanke figa ɗin tas da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, don akwai maiƙon da ke fitowa da su tun daga masana'anta ga kuma dattin hannun yaran da suka yi wasa da shi kafin ya zo gwanjo. Sannan ka ɗan bi shi da sanfefa mai laushi ta kashe sheƙin.

Cire gaɓoɓin ma wata dabara ce da na so a ce na sani tun farko. Ruwan zafi za ka zuba a kofi, ba wanda ke tafarfasa bisa wuta ba, ka tsoma shi kamar minti ɗaya, robar ta yi laushi, sai ka ja kan ya fito ɓul ba tare da ka karya turken wuyan ba. Na farko da ƙarfi na ja a bushe, har yanzu kanshi na cikin gwangwanin madara shi kuma yana wani wuri. Tsohon fentin fuskar da sifirit na kemis na goge, yana ɗaukar lokaci amma ba ya cin roba. Kar wanda ya ce maka ka sa abin goge jan farce na mata a gangar jikin, narkar da ita yake, na gani da idona a bayan wannan marar kan.

To yanzu matsalolin. Ruwan ɗorawar cikin saitin ba shi da kirki sam, ruwa-ruwa ne, na so in yi ma bakin riga ɗan aiki da shi, shafa biyar ana hango abin da ke ƙasa, sai da na fara sa fari tukuna na ɗora shi bisa sannan ya ɗan nuna kanshi. Farin kuma akasin haka, kauri kamar kunun da ya kwana, bakin kwalbar toshewa yake kullum sai na sa allura. Burushi ukun kau kyauta ce irin ta a rabu da kai, kwana biyu babban ya fara zubar da gashi cikin fenti, ƙaramin bakinshi ya rabe biyu kamar harshen maciji. Na je shagon masu kayan makaranta na sayi wasu, su nike amfani da su har yau.

Amma abin da ya fi ɓata mani rai kalar da suka kira kalar fata. Na buɗe na ɗiga na ga wani abu kamar madarar da aka sa ma jan tiyara, fatar Bature ce zalla, in na shafa ma dogarina wannan ai sai a ce Razdan ne ya yi rawani. Dole na zamna na haɗa tawa. Ruwan ƙasa ɗigo huɗu, ja ɗigo ɗaya, sai ɗan shuɗi a bakin tsinke, baƙi kuma na koyi in guje shi don da ka sa fuskar ke mutuwa ta koma toka-toka. Na ɓata yamma biyu cur a kan wannan, ina haɗawa ina shafawa a bayan hannuna ina kwatantawa, ƙanena na gefe yana mani dariya wai na zama mai sayar da man bilicin. Da na samu wadda ta yi sai na rubuta lissafin a bangon kwalin don kar in manta. Goshi da karan hanci da kumatu na ƙara masu ɗigon ruwan ɗorawa kaɗan suka ɗan yi haske, a nan dai ruwan ɗorawar ya yi rana. Daga nan na tsinka ruwan ƙasa mai duhu ya zama kamar shayi ba madara na bi fuskar da shi, shi da kanshi yake gangarawa cikin lungun ido da gefen hanci da ƙasan leɓe ya zauna, yana bushewa sai ga fuska ta fito da kamanni, har da ɗan ɗaure fuskar nan ta dogarai in suna korar yara daga hanya. Ido da tsinken sakace na ɗiga, na riƙe numfashi, sau uku ina gogewa ina sakewa kafin su kalli wuri ɗaya.

Sai maganar iskarmu. Wannan ba laifin fentin ba ne amma duk wanda ke nan arewa ya sani, da hunturu kafin ka kai burushi daga faranti zuwa jikin figa ya fara bushewa, ka ɗiga fenti ka juya ka amsa sallama ka dawo ka iske ya yi fata. Kwanakin farko rabin abin da na ɗiga asara ya tahi. Abin da ya cece ni murfin robar abinci, na shimfiɗa tishu na jiƙa shi da ruwa, na ɗora takardar gashin kek da na sato a kicin, bisa takardar nike ɗiga fentin, danshin na ratsowa daga ƙasa yana riƙe shi awa biyu har uku. In na ida shafa ɗaya sai in kife bokiti a kai saboda ƙura. Kuma na daina aiki da dare da fitilar caji, koren da na yi cikin dare ina murna da safe na gan shi wani iri daban, yanzu daga an yi sallar asuba gari ya waye zuwa ƙarfe tara nike yi.

Rawanin da rigar ba fenti ba ne, ƙyallaye na roƙo wurin telan unguwarmu, ya tambaye ni na miye na ce na wani ɗan ƙaramin mutum ne, ya kalle ni ya ce Allah ya raya. Na tsoma jan ƙyallen cikin farin gam na kafinta da na tsinka da ruwa, na naɗa da ɗan hantsaki, ya bushe ya ƙame yadda na naɗa shi. Bulalar hannunshi waya ce na lulluɓe da gam ɗin nan mai haɗi biyu da masu gyaran lagireto ke like da shi, kuma fentin ya kama duka, ƙyalle da gam da roba, wannan ma na ba shi maki a kai.

Inda har yanzu ban gama da shi ba gaɓoɓi. Kana lanƙwasa gwiwar hannu fentin wurin ke gogewa asalin kalar robar ta leƙo. Na sake cirewa na rage wurin da sanfefa don su daina gugar juna, na shafa fenti siriri na bi shi da sufa gulu kaɗan a bakin tsinke, hannun dama ya yi lahiya, na hagu na cika gam ya ƙame gaba ɗaya, yanzu dogarina hannun hagunshi a miƙe yake har abada, in an tambaya sai in ce ai tare hanya yake. Banish ɗin an rubuta mara sheƙi ne a jiki, karon farko ya fito yana walƙiya kamar an shafa ma mutumin man gyaɗa, ashe abin da ke kashe sheƙin kwanciya yake a gindin kwalba, sai ka girgiza har hannunka ya gaji. Da na girgiza na sake ya yi daidai.

In ka tambaye ni ko zan ƙara saye, zan ƙara, amma ba saitin gaba ɗaya ba, ja da kore da ruwan ƙasa da firaima babba kawai zan nema ɗaiɗai, don cikin 12 ɗin nan akwai guda huɗu da ko hatiminsu ban ɓalle ba, ni mi zan yi da shanshanbale. Wanda bai taɓa yi ba kau saitin ya ishe shi koyo, ya dai haɗa da burushinshi daga gida, kuma ya fara da figa ɗin da ba zai ji zafi ba in ya lalace.

Yanzu doki nike nema mai girman da zai ɗauki inci 6, ina son in yi ɗan lifida irin waɗanda na gani a Daura lokacin Sallar Gani, lifidin ma na riga na yanke shawarar da audugar tsohon filo zan cusa shi. Sau uku ina zagaya 'yan gwanjo, dawakin da nike samu duk ƙanana ne ko kuma masu ruwan hoda da gashi har ƙasa. Shekaranjiya na iske Hajiya tsaye gaban kanta ta ɗauki dogarin tana jujjuya shi, na yi shiru ina jiran gori, sai ta ce rawanin nan kunnen ya cika tsawo, ba haka suke naɗawa ba. Na warware shi jiya da ruwan ɗumi, gobe zan koma wurin tela neman wani ƙyallen.