Garejin da ya auna kafin ya ce in sayo kaya

Wata uku wutar cek injin tana kunne a Honda Accord ɗina ta 2007. Mota ba ta shaƙewa, ba ta ƙara shan mai, amma kullum wutar nan tana tsone min ido. Bakaniken farko ya ce famfon mai ne, na saya, bayan kwana biyu ta dawo. Na biyu cire kan batir kawai ya yi, ya karɓi kuɗin shayi.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wajen wani mai wayarin a kusa da Ƙofar Ruwa a Kano. Wurin ba wani abin kallo ba ne: rumfar kwano, rami ɗaya, yara uku. Da ya jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari, lamba P0452 ta fito. Ya ce, "Alhaji, wannan ba injin ba ne. Sensan da ke auna matsin tururin fetur a tanki ne yake aika wuta ƙasa da ƙa'ida. Amma kar ka sayi komai tukuna."

Wannan maganar ce ta sa na gyara zama.

Ya buɗe murfin tanki, ya kunna makulli bai tayar da mota ba. Ya nuna min cewa idan murfi a buɗe yake, iskar ciki da ta waje ɗaya ce, don haka a irin wannan Honda sensan ya kamata ya nuna kusan bolt 2.5. Nawa yana kwance kusa da sifili. Duk da haka bai yanke hukunci ba, don ɓera kan ci waya, laka kuma kan shiga soket. Ya shiga rami, ya zare soket ɗin sensan da ke jikin gwangwanin gawayi (wanda ke riƙe tururin fetur daga tanki), ya bi wayoyi ukun da mita: bolt 5 yana zuwa, wayar ƙasa lafiya, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwar mota ba ta tsinke ba kuma ba ta taɓa bodi. Sai a nan ya ce sensan ya mutu. Da aka sa wani, allo ya nuna 2.5 a gabana.

Ya kuma ja min kunne kan ɗabi'ar nan tamu ta girgiza mota a gidan mai ana ɗura har baki. Fetur yana malala cikin gawayin da tururi kaɗai aka yi shi ya riƙe, ya lalata shi. Na daina.

Abin da ban ji daɗi ba shi ne jira. Na isa ƙarfe tara, sai bayan azahar aka taɓa motata, kuma benci ɗaya ne a inuwa. Kuɗin bincike ma daban yake da na aiki, ba ya ragi. Mai zuwa ya yi sammako, ya kuma roƙe shi ya rubuta masa lambar a takarda. Yau mako shida, wutar ba ta sake kamawa ba.