Daga Ingila: Yadda Ake Gwada Jinin Mamaci Idan Ana Zargin Magani

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ka tambaye ni abin da ke riƙe gawa a nan kafin a yi mata sutura. Ba kowace ake riƙewa ba. Idan mutuwa ta zo kwatsam, ko ana zargin magani ne ya yi ajali, likita ba zai sa hannu a takardar shaidar mutuwa ba, sai ya miƙa maganar ga jami'in binciken mutuwa, wanda dokar 2009 ta tsara aikinsa a Ingila da Wales. A Sikotland ofishin mai gabatar da ƙara ne ke wannan aiki.

Inda masu gwajin jinin mamaci suka burge ni shi ne kan magungunan ciwon damuwa, musamman tsofaffin irin su amitriptyline. Maganin kan taru a hanta da huhu, to da rai ya fita sai ya riƙa tsiyaya zuwa jinin da ke kusa da zuciya. Wanda ya ɗebi jini a nan zai ga adadi ya yi sama, ya ce mutum ya sha fiye da ƙima, alhali bawan Allah bai wuce abin da likita ya rubuta masa ba. Shi ya sa suke ɗiba daga jijiyar cinya, su haɗa da fitsari da ruwan da ke cikin ƙwayar ido. Suna kuma auna nortriptyline, wato abin da hanta ke mayar da maganin, domin a gane ko an daɗe ana sha ne ko lokaci guda aka afa. Akwai ma waɗanda halittarsu ce haka, hantarsu ba ta saurin narkar da shi. Ka ga ke nan lamba kaɗai ba ta yanke hukunci, kuma iyali sun tsira daga zargin da mu a gida da baki kawai ake yanke shi.

Aibinsu jan lokaci. Sakamako kan ɗauki makonni, har watanni. Sai dai galibi ba a jiransa kafin jana'iza: da an ɗebi samfur ake sakin gawa, a ba iyali takardar shaidar mutuwa ta wucin gadi. A wasu garuruwa, Musulmi da Yahudawa kan roƙi a ɗauki hoton gawa da na'ura maimakon a fede ta, jinin a zuƙo da allura, amma sau da yawa iyali ne ke biya, kuma jami'in ne mai cewa e ko a'a.

A gaida su Inna.