Hexabranchus sanguineus da Phyllidia varicosa: dabarun tsira biyu a kan murjani

A cikin dodannin koɗi marasa kwanso da ke rayuwa a kan duwatsun murjani daga Bahar Maliya har zuwa tekun Fasifik, waɗannan biyu sun fi jan hankali, kuma dukansu daga soson teku da suke ci suke samun dafin da ke kare su.

Hexabranchus sanguineus ja ne wur, yana iya kai santimita 40, amma da rana yakan ɓuya a kogunan murjani, sai dare ya yi ya fito kiwo. Idan aka tsokane shi, sai ya buɗe gefunan jikinsa da ke naɗe, ya tashi yana iyo yana lanƙwasa kamar mai rawa, abin da ya sa ake masa laƙabi da ɗan rawar Sifaniya. Ƙwansa ma, da yake nannaɗewa a kan dutse kamar jan fure, yana ɗauke da dafin.

Phyllidia varicosa, wanda Lamarck ya bayyana a 1801, bai kai Hexabranchus sanguineus girma ba, kuma ba ya iyo. Da rana tsaka yake rarrafe a fili, bayansa da ƙuraje ruwan ɗorawa da baƙaƙen layuka, yana fitar da majina mai guba wadda kifaye ke gudu. A ganina dabararsa ta fi ƙarfi, domin har 'ya'yan wani kokwamban teku (dabbar teku mai siffar kokwamba), Pearsonothuria graeffei, suna kwaikwayon launinsa don su tsira.